Lambar Dogo a Ƙirjina

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan ta iske ki lafiya ƙalau, ke da yara da maigidan naki, wanda na ji labarin yanzu tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Allah ya ƙara masa, ya bar mana shi. Mu ma lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi har yana hawa bene da kansa, Gwaggo kuma tana nan da faɗanta, ba ta rage ko kaɗan ba. Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro nake rubuto miki da ajamina, kuma ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki ce Auta ya fara halin nasa. Na yarda ni na saka miki ƙadangaren roba a cikin takalmi ranar da surukanki suka zo, amma wallahi wannan ba irinsa ba ne.

Wata biyar ke nan da rasuwar Yaya Dogo, Allah ya jiƙansa. Kin san yadda gudu ya shiga ransa a shekararsa ta ƙarshe, har ya ja ni ciki. Burinsa babban tseren nan na kilomita arba'in da biyu. Yakan ce ba a shiga babban kai tsaye, sai an fara yin rabinsa, ashirin da ɗaya, da sauran mako shida, a gwada ƙafa da takalmi, a san lokacin shan ruwa. Ya rubuta sunansa a duka biyun, ya ce rabin zai gama shi a awa biyu ba minti huɗu. Bayan rasuwarsa aka kawo ambulan da lambobinsa biyu na maƙalawa a ƙirji. Inna ba ta buɗe ba, ta tura shi ƙasan akwatinta.

Ni kuwa ban bar fita gudu ba, don zaman ɗakinmu ni kaɗai ya fi gudun wuya. Da ranar rabin tseren ta zo ba ni da lamba, sai na ce ai ga ta ɗan'uwana a kwance. Na zaro ta daga akwatin lokacin da Inna take wanka. Akwai wata takarda mai rubutu cunkus tare da ita, ni kuma kin san iyakar karatuna allo, na mayar da ita ban nemi mai karanta mini ba. Ashe a bayan lambar akwai wani ɗan abu manne, duk inda ka taka shimfiɗar robar da suke sawa a titi sai ya yi ƙara, nan take saƙo ya tafi wayar wanda ka rubuta a matsayin na kusa da kai. Dogo wayar Inna ya rubuta.

Aka tashi da hantsi, rana fes, mutane kamar ƙasa. Na fizga da ƙarfi, abin da kullum Dogo yake hana ni. Wajen kilomita goma sha biyu titin ya bi ta bayan wasu manyan ɗakunan ajiye kaya, babu 'yan kallo, babu inuwa, sai ƙarar takalma. A nan na fara jin makullai. Kin tuna makullan shagonsa da yake ɗaurawa a ƙugu, suna kacau-kacau duk takun da ya yi? Su ne, daidai bayan kafaɗata ta hagu, inda yake bina idan yana so in rage sauri. Na waiga, babu kowa sai wani dattijo can nesa yana haki. Na rage gudu, suka rage. Na ƙara, suka ƙara. Na karanta duk abin da ya zo bakina, suna nan. A goma sha bakwai jijiyar cinyata ta ɗaure, na zube a gefen titi. Yaya, ina zaune na ji sun wuce ni, suna yin gaba har na daina jinsu.

Motar da ke kwasar waɗanda suka gaza ta ɗauke ni. Na cire lambar, na naɗe ta a aljihu. Ta wata hanya daban muka bi, aka sauke mu a rumfar masu magani, nesa da inda ake gamawa.

Da na iso gida na tarar da Inna zaune a bakin gado da waya a cinya, maƙwabciyarmu malamar asibiti tana tsaye a kanta, fuskarta duk ta sauya. Ita ta riƙa karanta wa Inna saƙonnin ɗaya bayan ɗaya: sunansa cikakke, ya wuce kilomita biyar, ya wuce goma, ya wuce goma sha biyar. Na huɗun ya ce ya gama, ana taya shi murna, awa biyu ba minti huɗu. Na tsaya a ƙofa da lambar a aljihuna. Sai na wuce ɗakinmu.

Kwana tara na yi shiru. Inna ta daina ajiye wayar, da ita take shiga kicin, da ita take zama a kan darduma. In ta yi ƙara sai ta miƙe ta nufi gidan malamar ko mayafi babu. Ta sa aka share ɗakinmu, ta fito da takalmansa ta jera a bakin ƙofa. Na je ofishin masu tseren, wani ma'aikaci ya duba ya ce na'ura takan yi kuskure, amma bai iya gaya mini yadda ta yi wannan ba, kuma bai so mu haɗa ido. Malaminmu na allo ya ce wanda ya tafi ya tafi, in yawaita masa addu'a in bar waswasi. Na san haka ne, mun karanta. Kunnena ne bai karanta ba.

Shekaranjiya na durƙusa na gaya mata komai, har zubewata a goma sha bakwai. Na ɗauka za ta mare ni, na ma so ta mara. Sai ta ce ai ta sani, tun ranar ta ga hujin allura huɗu, inda na maƙala lambar, a rigata da ta wanke. Sannan ta tambaye ni me ya sa na bar ɗan'uwana ya ƙarasa shi kaɗai. Ta ce saura babban, tana nan tana jiran saƙonsa.

Ga abin da nake roƙonki, ke da kika yi boko. Na sa malamar ta kwafe miki lambar wayar ofishin a bayan takardar nan. Ki kira su ki rubuta sunana a babban tseren, ni da kaina, da wayarki a matsayin ta na kusa da ni, zan yi shi kuma in sha Allahu zan kai ƙarshe. Lambar Dogo ta biyu na miƙa wa Kawu, ya kulle ta a durowarsa, ba za ta fita ko ƙofar gida ba. Amma ki sa su cire wayar Inna daga sunansa su sa taki, don ba zan iya sake ganinta tana miƙewa haka ba. Idan ranar ta zo saƙon mutum ɗaya ya shigo miki, ki kira ta ki yi mata albishir. Idan na mutum biyu ne, ki goge ɗaya, kuma ko ni kada ki gaya wa.

Ki gaishe da maigida, ki ce ina masa wasa ne amma ya rage ci. Ki gaishe da 'Yar Baba da Ƙaramin Alhaji, da surukarki. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa. Ki sa Inna a addu'a, ki sa Dogo, in da saura ki sa ni.

Naki,
Auta