Hannun Daman Baba

Zawaciki, Kano
Litinin

Yaya Badi'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da su Mujahid. Na rubuto na ba direban Dutse ne, don in na kira ki Umma za ta ji, muryata kuma ba za ta rufa mini asiri ba.

Kin san gajeren fim ɗin da nake yi a kan Baba da aikinsa a kamfanin leda na Sharada. Asabar uku na ɗauke shi a teburin mai shayi, riga ɗaya, hula ɗaya, don in na haɗa ya zama kamar zama guda ne. Jiya na zauna tacewa. A ɗaukar farko kofi yana hannunsa na dama. Da na jona ta biyu sai ga shi a hagu. Haushi ma na ji. Na ce zan rufe wurin da hoton ma'aikata suna sauka daga adaidaita, ba mai lura.

Sai na bi sauran. A Asabar ta uku hannun daman bai bar cinyarsa ba ko sau ɗaya. Na tsayar da hoton, na ƙara girman fuskar, na ga gefen bakinsa ya ɗan sauka. Nan na tuna wurare shida da harshensa ya sarƙe, ni da kaina na yanke su don maganar ta tafi sumul. Na dawo da su na saurara.

Kin san a injin yanka yake tsayawa awa takwas, da wannan hannun yake tura leda. Yau ma ya tafi. Duk sanda waya ta yi ƙara sai in ɗauka daga kamfanin ne.

Ki gaya mini yadda zan yi.

Ƙaninki,
Sagir

Zawaciki, Kano
Alhamis

Yaya Badi'a,

Sallama da fatan alheri gare ku duka. Na ga saƙonki, na yi yadda kika ce.

Ranar Talata bayan la'asar na jera wa Baba hotunan biyu gefe da gefe. Ya daɗe yana kallo, ya sa na maimaita. Ashe ya sani. Sau biyu kofi na suɓuce masa a wurin aiki, yana ɓoyewa don kada a sallame shi. Ya ce in rufe kwamfutar, in kuma rufe bakina.

Yaya, ban taɓa musu da Baba ba sai ranar. Na ce in ba za su je asibiti ba, zan kai wa shugaban sashensu hoton. Kallon da suka yi mini har yanzu yana idona.

Jiya muka je. Likita ta ce jininsu ya hau sosai, ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa su, babbar kuma tana iya zuwa ba sallama. Ta hana su kusantar inji. Umma ta sani yanzu, kuka take a kicin.

Baba ba sa amsa gaisuwata sai da ka. Na haƙura da wannan. Abin da na kasa samu shi ne kwanciyar hankali: kullum da asuba ina tsayawa a bakin ƙofarsu, ba na iya ɗaukar buta sai na ji tarinsu.

Don Allah ki zo gobe. Ke suna jin maganarki.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Sagir