Zumunta Tana Jiran Keturah, Alhali Ni Na Ƙirƙiro Ta

Anti Nancy, don Allah ki taimake ni. Sati uku ya rage a ƙaddamar da littafina, ranar da ya kamata in yi rawa, amma ga ni cikin damuwa. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, malamar firamare ce ni, in na fara bayani sai an kaɗa ƙararrawa.

Mutanen Numan ne mu, aiki ya kawo mu Luggere a Jimeta. A ƙarshen 2014, da jama'a suka gudo daga Mubi da Michika, cocinmu ta cika da mata da yara, har a kan benci ake kwana. Zumuntar Mata ta ce mu riƙa nazarin Maganar Allah tare da su kowace Alhamis. Littafin nazarin da muke da shi da Turanci yake, tambayoyinsa kamar na jarrabawa. In karanta, in fassara, in ɗaga kai, sai in ga rabi suna gyangyaɗi, rabi sun zuba wa ƙofa ido. Abin ya dame ni ƙwarai.

Sai na ɗauki littafin rubutu na 'yan aji huɗu, na ƙirƙiro wata mata mai suna Keturah, wadda ta gudo da ƙafa da yara biyu da kasko ɗaya, ta fara suyar ƙosai a bakin titi. Shafi biyu ne, da tambayoyi uku a ƙarshe.

Ga inda na kwafsa. A zumuntarmu, mai koyarwa a zaune take yi a gefen tebur. Wadda ta fito gaba ta tsaya, ta ɗaga waƙa kafin ta yi magana, to shaida za ta bayar, kuma shaida ba a saka mata ƙari. Ni da na saba tsayawa gaban allo, sai na miƙe na tafi gaba, don in kore musu barci kuma na ɗaga waƙa. Ina gama karatu, wata dattijuwa da muke kira Maman Zadok, wadda mijinta ya rasu a hanyar gudu, wata biyu ba wanda ya ji muryarta, ta miƙe ta ce a yi wa Keturah addu'a. Anti, wa zai katse addu'a? Na rufe ido na ce amin tare da kowa. Na ce Alhamis mai zuwa zan gyara. Yau shekara goma ke nan da ɗoriya.

Kuma fa abin ya yi albarka, shi ne ya ɗaure mini baki. Mata suka daina gyangyaɗi, gardama kan tambayoyin nan har sai mai gadi ya kaɗa mukullai. Maman Zadok ta ce in Keturah za ta iya, ita ma za ta iya. Yanzu ƙosanta ne unguwar Karewa take karyawa da shi. Yara biyu a cocinmu sunan Keturah aka sa musu. Da na sa wa Keturah zazzaɓi a wani darasi, mata suka ɗauki azumin kwana uku, ba shiri na warkar da ita. Da na gaji na mai da ita Garwa ta Kamaru don mu rabu lafiya, sai suka koma tashar mota suna ba direbobi saƙon gaisuwa. Har maƙwabciyata Gogo, Musulma ce, ta katanga take jin ina gwada karatu, kullum sai ta tambaye ni ko yaran Keturah sun shiga makaranta.

Yanzu darussa sun kai sittin, coci-coci har Ganye suna kwafa. Fastonmu ya tattara su ya kai maɗaba'a, ya ce a rubuta a bangon littafin cewa labarin gaskiya ne. Mata sun ɗinka wa Keturah anko, sun ware mata kujera a gaba. Maman Zadok kuwa, da shekarunta, ta shiga ajin yaƙi da jahilci don ta karanta mata jawabin maraba da bakinta. Jiya ta karanta mini layi huɗu tana nuna kowace kalma da yatsa, na yi dariya, na shiga ɗaki na yi kuka.

Maigidana Danny ne kaɗai ya sani, shi kuwa abin dariya ya mai da shi. Wai mu ɗauko ƙanwarsa daga Numan ta saka ankon a matsayin Keturah, ko in ce ruwa ya cinye hanyar Garwa, ko in rubuta darasi na ƙarshe in ce Ubangiji ya kira ta gida. Ni dai tsoro nake ji. In na faɗi gaskiya, kada tsohuwar nan ta koma shirun da na same ta a ciki, kada kuma mata su ce shekara goma na mai da su abin wasa a gaban Allah. In na yi shiru, za a buga ƙarya da sunana a bango. Yaya zan yi?

Malama Mai Tambayoyi Uku, Luggere

*

Ƙanwata, bari in fara da barka. Na yi dariya a wurin azumin nan har na share hawaye, kuma marubuta da yawa za su so a ce matar da suka ƙirƙiro ana aika mata gaisuwa ta hannun direba. Baiwa gare ki, kada tsoro ya sa ki manta.

Ƙirƙirar labari don koyarwa ba ƙarya ba ce. Da misalai aka koyar da mu tun farko, ba wanda ya taɓa neman lambar gidan mutanen da ke ciki. Kuskuren ranar farko ma ba na ganin laifinki, ƙafa ce ta kai ki inda ba ki nufa ba. Amma shirun da ya biyo baya naki ne. Matan nan sun ba ki amana irin wadda ake ba mai shaida, sun yi azumi a kanta, suna da haƙƙin su sani. Tsoronki ma ba na banza ba ne, don wasu za su ji zafi, wata tana iya daina gaishe ki na ɗan lokaci. Wannan abu ne mai warkewa. Ƙarya da aka buga kwafi dubu kuwa ba ki da hannun da zai tattaro ta.

Ki gaishe mini da Danny, ki ce shawarwarinsa uku duk sun faɗi jarrabawa. Ta ukun ce ta fi muni, don matan da suka riga suka binne nasu ba a ƙara musu makokin ƙarya.

Gobe da safe ki sami fasto, ki faɗa masa komai, a tsai da bango. A rubuta ƙirƙirarren labari ne don nazari, ki ƙara shafi ɗaya a gaba ki ba da labarin yadda aka yi, kamar yadda kika ba ni. Daga nan ki wuce wurin Maman Zadok, a gidanta, bayan ta sauke kasko, ke da ita kawai. Kada ta ji a taro. Ki nemi gafara kai tsaye, ban da doguwar lacca irin ta malamai. In ta yi fushi, ki zauna ki sha faɗa, kin ci bashinsa. Ki kuma shirya jin abin mamaki, don tsofaffi sun fi mu gani, ba zan rantse ba cewa duk matan nan ba wadda ta taɓa lura Keturah tana magana da irin bakinki. Batun anko da kujera ki bar wa zumunta, in kin gaya musu Alhamis mai zuwa, su za su yanke, kuma na san za su fi mu dabara.

Game da tsohuwar, ki kwantar da hankalinki. Ba Keturah ce take tashi tana wanke wake ba, ba ita ce ta zauna a benci tana koyon baƙi da furfura ba. Ita ce da kanta, kuma ba maganar da za ki faɗa da za ta ƙwace mata wannan.

In sun tambaye ki ina addu'o'insu suka tafi, ki ba su amsa da gaba gaɗi. A shekarar gudun nan mata nawa ne suka bi hanyar da ƙafa, da goyo, ba mai kiran sunansu a gaban Allah? Ku kun kira suna ɗaya, shi ya san fuskokin duka. Ba addu'a ko ɗaya da ta faɗi ƙasa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa a yi taro lafiya, ya ƙara wa alƙalaminki albarka.

Anti Nancy