Baƙin Saƙin Inna

Haɗeja, 9 ga Yuli

Zuwa ga ƙanwata Fanna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam Bunu da yara, musamman amaryarmu Bushira. Yaya Maiduguri? Mu nan ƙalau, sai damina da ta kama sosai, kogi har ya fara lasar gonakin shinkafa na bakin gada. Ga kifin banda nan na ba Usaini direba, wasiƙar tana cikin kwalin. Na zaɓi takarda ne don in na kira ki a waya kuka zai riga maganar fitowa.

Shekaranjiya Yakaka ta aiko na je. Na tarar ta buɗe adakar Inna da ke ajiye a wajenta tun rasuwa. Kin san ta, tun da ita ce ƙanwar Inna, abin da ta yanke shi ke nan. Ta ce kun shawarta a yanka zannuwan a haɗa wa Bushira shimfiɗar gado ta kayan ɗaki. Na ji daɗi har na fara lissafa ƙyallaye a raina. Sai ta ce wai Zulaihat ce za ta ɗinka.

Zulaihat fa, Fanna! Ɗalibata. Shekara goma sha biyu ina haɗin ƙyalle, shekara huɗu mata suna taruwa a tsakar gidana duk Asabar bayan la'asar ina koya musu. Ranar da yarinyar nan ta zo daga Baturiya, ban da gyaran komar kamun kifin babanta ba abin da ta taɓa ɗinkawa. Ni na nuna mata yadda ake barin bakin ɗinki faɗin ɗan yatsa, ni na koya mata jan layi da alli, da sa auduga a tsakiya, da shafi a baya. Yanzu don ta yi wani zane mai kama da sahun agwagwa, matan unguwa suna ta ɗaukar hoto, shi ke nan ta zama gwana. Ban ce aikinta ba kyau ba. Kusurwoyinta suna haɗuwa tsaf, abin har haushi yake ba ni.

Na tambayi dalili. Yakaka ta ce wai ba zan iya sa almakashi a zanin uwata ba, shekara uku ana ba ni adakar ina mayarwa. Wannan ai hanya ce kawai ta cewa hannuna ya tsufa. Ke ma da kika ga hoton aikinta a waya, ai da sai ki tuna kina da yaya.

A gabana aka ƙirga mata kaya: atamfofi shida, da farin mayafin da Inna ta je Hajji da shi, da baƙin saƙin nan mai shuni da kakarmu ta ba ta ranar aure. Kin tuna shi? Inna ba ta taɓa ɗaura shi ba, ko ruwa bai taɓa gani ba, sai dai ta fito da shi ta sa masa turare ta mayar. Ina kallo yarinyar ta naɗe su ta ɗora a ka ta fita.

Ki gaishe da kowa.

Yayarki,
Mairam

Haɗeja, 20 ga Agusta

Fanna,

Sallama da gaisuwa. Saƙonki ya iso, na gode da turaren wuta. Yaya jikin Malam Bunu? Allah ya ƙara sauƙi. Ruwa ya shiga wasu gidaje a bayan kasuwar kifi, amma mu bai iso mu ba.

Kin ce kada in ɗauki abin da zafi. Ban ɗauka ba. Aji yana nan yadda yake, wannan watan ma ɗinkin hannu muke yi, wanda ake bin layi da sukar allura ƙanana-ƙanana don auduga ta zauna. Sai dai abin da na lura, in Sakinatu ko wata ta rikice, ba ni take kallo ba, wajen Zulaihat take matsawa. Ina zaune a kan tabarmata, a gidana, da shayin da na dafa musu. Ran nan har wata sabuwa ta shigo ta gaishe ta da Malama, ni kuma ta ce mini sannu Hajiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ladabinta. Da tana da rawar kai da na samu abin kamawa. Amma kullum sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini ganda ko tarwaɗa daga gida, ta shimfiɗa aikin a gabana wai in duba. Na duba, Fanna. Na juya bayansa, na ja ɗinkin, na kai shi hasken rana ina neman inda ya karkace. Ban samu ba. Ta yanka atamfofin Inna ƙanana ta jera su kamar ruwa yana kewaya tsibiri, koren nan mai ganye da Inna take zuwa suna da shi ya fito kamar jiya aka saya. Farin mayafin ta bar shi ɗungurungum a tsakiya, za ta kewaye shi da baƙin saƙin. Da ni aka ba, ba na jin zan yi tunanin haka, kuma wannan ne ya hana ni cin tuwo ranar.

Kin san mayafin yana da wani ɗan wuri da ya yage a Mina, wanda Inna ta sa ni na cike da zare ina 'yar shekara tara. Shi ne ɗinkina na farko a duniya, duk ya karkace. Yarinyar ta gano shi, ta ce ba za ta taɓa wajen ba. Ban gaya mata aikin wa ne ba.

Makon jiya ta biyo ni har madafa da wata tambaya a kan baƙin saƙin. Na ba ta amsa a tsaye na sallame ta. Tun da ita aka zaɓa, ai sai ta ƙarasa.

A gaida amarya, a ce ta rage yawo a rana.

Taki,
Mairam

Haɗeja, 17 ga Satumba

'Yar'uwata Fanna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai kafin ki nuna wa kowa.

Shimfiɗar ta lalace. Zulaihat ta gama ta ranar Laraba. Ranar Alhamis da hantsi ta wanke ta don layukan alli su fita, kamar yadda nake koya musu. Shunin saƙin ya zuba. Ya bi ruwa ya shiga farin mayafin Inna daga kowane gefe, ya yi masa dabbare-dabbare har tsakiya. Mun sa sabulu, mun sa lemon tsami, mun ɗauraye sau bakwai. Bai fita ba, kuma ba zai fita ba.

Da ɗanyenta ta kawo mini a cikin baho, ruwa yana ɗiga a zaninta, tana kuka kamar an yi mata mutuwa. Ta ce laifinta ne, ita ce ba ta gwada ɗan ƙyalle a ruwa ba tukuna. Daga nan ta wuce gidan Yakaka ta faɗi haka, ta ce a yafe mata, ba za ta sake riƙe allura ba. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ba.

To ga abin da ba ta faɗa ba. Darasin farko da nake yi wa kowace ɗaliba shi ne, duk zane mai rini a jiƙa shi a ruwan gishiri, a yi ta ɗauraya har ruwan ya fito fari, kafin a haɗa shi da wani. Ta riƙe darasin. Ranar da ta biyo ni madafa, yatsunta ta nuna mini sun yi shuɗi, ta tambaya ko ta jiƙa saƙin. Na ce mata tsohon zane ne, ya sha wanki tun ba a haife ta ba, in ta ƙara masa ruwa zai ruɓe. Duk Haɗeja ba wanda ya fi ni sanin ƙarya ce. Ta yarda don ni ce malamarta, kuma zanin uwata ne.

Wallahi ban yi nufin mayafin ba. So na yi a samu ɗan tabo a gefe, ɗan kaɗan, wanda za a kawo mini in gyara, Yakaka ta ce ai da Mairam aka ba. Wata guda ina da damar aika mata ta warware, kullum sai in ce gobe. Da na shanya shimfiɗar a igiya na nemi ɗinkina na 'yar shekara tara. Yana nan, ya rine, sai an ƙura ido ake ganinsa.

Jiya Asabar, da mata suka taru, na faɗa musu komai a gaban Zulaihat. Ta ɗauki jakarta, ta durƙusa ta yi mini sallama kamar kullum, ta tafi. Na fi son ta zage ni. Gobe zan je wajen Yakaka. Ta ce ba zan iya sa wa zanin Inna almakashi ba, kuma ta yi gaskiya, sai ga shi na ɓata shi ban ko taɓa shi ba.

Shimfiɗar tana nan a ninke, Usaini zai kawo ta ranar Talata. Ɗinkin bai motsa ba ko zare ɗaya, don aikin yarinyar mai kyau ne. In Bushira ta buɗe ta tambayi wa ya yi wa mayafin kakarta haka, kada ki ce Zulaihat. Ki ce ni ce.

Ki yafe mini in kin iya.

Yayarki,
Mairam