Sunan Mai Takalmi

Baffa, gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Kaka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na taso daga Lyon har Paris neman takardun kakanku, wanda ya yi wa Faransawa sojan ƙasa tun kafin su iso Damagaram. Kwana biyu ina bin layi a ofishin ajiye takardun tsofaffin sojoji. Ma'aikaciyar ta ce, "Sunansa?" Na ce, "Mai Takalmi." Ta ce ba ya cikin rajista. Na komo a gajiye.

Baffa, Kaka kaɗai ta san sunansa na yanka, ita kuwa ba ta faɗin sunan suruki. Ku lallashe ta, ko a kunne ta raɗa. In ta tafi da shi, tsohon nan ya sake mutuwa.

A sa ni addu'a, a gaida mutan gida.

Ɗiyarka, Rakiya