Kilishin da Turai Kaɗai Ta Gani

Garwa, 3 ga Maris

Ƙanwata Ummuhani,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Beljiyam, ya maigidanki da yara?

Kin tuna Turawan da suka yi kwana uku suna ɗaukata ina yankan kilishi? Ranar Juma'a suka saki shirin a intanet. Na yanka rago, na tara mahautan unguwar Roumdé Adjia kaf, aka haɗa waya da babbar tele. Muna dannawa sai baƙin allo da layi ɗaya na Faransanci, wai ba a nuna wannan a ƙasarku. Raphaël malamin lekol, wato makarantar boko, ya ce tashar ta sayi izinin nunawa a Turai ne kaɗai. Naman nawa, wuƙar tawa, fuskar tawa, amma sai mai biza zai gan ni!

An cinye ragon tas. Yanzu Abdulhalim, mai teburin da ke kusa da nawa, kullum sai ya gaishe ni da Fulatanci ya ce, "Jam na, ɗan fim? Yaushe za ka fito?" Wallahi abin yana ci mini rai. Ki kalla, ki ɗauka da wayarki, ki turo in rufe masa baki.

Ki gaida kowa.
Yayanki, Sulaimanu

Liège, 10 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, suna gaishe ka.

Sau uku na kalla. Da aka nuno kogin Binuwai har da hawayena. Kai ma ka fito, sau biyu. Na farko hannayenka ne, na gane su da tabon babban yatsa. Na biyu kana kan benci kana sharar barci, baki buɗe, ƙuda yana kewaya.

Wanda ya yi minti shida yana bayani kuwa Abdulhalim ne. Ashe lokacin da kake barcin suka tsaya wurinsa. Har suka rubuta a ƙasan hotonsa: gwanin kilishin Garwa. Yara sun yi dariya har da faɗuwa, ka yafe musu.

Na ɗauka yana wayata. In turo?

Allah ya bar zumunci.
Ummuhani

Garwa, 11 ga Maris

Ummuhani,

Sallama. Kada ki turo, ki goge. Mutane sun sayi izininsu, mu kuwa gidanmu ba a cin haƙƙin wani.

Na riga na sanar a kasuwa cewa kin gan ni har sau biyu, kuma kin yi kuka. Ban yi ƙarya ba. Allah ya ƙara wa dokar nan ƙarfi.

Na gode, useko.
Sulaimanu