Ruwan da Na Hana Dutse

Jibiya, 12 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga yayana Malam Mahmudu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mariyamu da yara. Yaya Zariya, yaya ɗaliban naka? Mu nan sai godiyar Allah. Inna na nan Daddara da ƙarfinta, ta ce tun da ka fara sa kwat ka manta hanyar gida.

Albishirinka, an naɗa ni heluma a wurin injin fasa dutse, inda muke yin tsakuwar hanyar kan iyaka. Mutum goma sha huɗu ne a hannuna. Da za ka gan mu da la'asar da ka sha dariya, fari fat har gashin ido, kamar an zazzage mu daga buhun gari. Kamfani na ba kowa gwangwanin madara kullum, an ce tana wanke ƙirji.

Farin nan kuwa ya kai maƙura. Mutanen Nijar na ƙetarowa ta Magama, mata da goyo, dabbobi na zubewa a bakin hanya. Rijiyoyi sun ƙafe. Mu kuma kowace safiya ana kawo mana tankar ruwa, wai a riƙa fesa wa dutse kafin ya shiga inji don ƙura ta kwanta. Ka ji fa, Yaya, dutse na sha, ɗan Adam na kallo. Ran Talata wata tsohuwa ta durƙusa da ƙoƙo tana tarar abin da ke gangarowa cikin laka. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na janye mesa daga kan dutse, na sa suka yi layi. Tun ranar haka muke yi, injiniya kuwa sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Ƙura ta ƙaru sosai, amma ai muna shan madararmu. Ban taɓa yin abin da ya kwanta mini a rai irin wannan ba.

Autanmu Maharazu ya gaji da noman da ba damina, ya matsa mini in sa shi aiki. In an sami gurbi zan ɗauke shi.

Ka gai da mutanen gida. Ni ne ƙanenka,
Kalilu

Jibiya, 3 ga Nuwamba, 1977

Yaya Mahmudu,

Gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Ka yi haƙuri da shiruna, da kuma rubutun nan da ya karkace.

Ka tuna Manu, wanda ke tsayuwa a bakin inji, mai waƙar nan da ba ya gajiya? Mun kai shi makwanci ran Juma'a. Abdu ma, abokin aikinmu, yana kwance ba lafiya a Magama. Ni kuma yau wata bakwai ina tarin da ba ya fitar da komai. Daga masallaci zuwa gida sai na tsaya sau biyu, in yi kamar ina gyara takalmi. Na ɗauka tarin fuka ne. Na sha sassaƙe, na sha zuma da man shanu, madara kuwa har na ƙi jinin ganin gwangwaninta.

Shekaranjiya Maharazu ya kai ni asibiti Katsina, aka ɗauki hoton ƙirjina. Likita ya ɗaga shi a haske ya nuna mini ɗigo-ɗigo fari ko'ina. Ya ce garin dutse ne, irin laushin nan da ido ba ya gani, ya shige huhu ya sandarar da shi. Ba ya narkewa, ba ya fita, kuma madara ciki take zuwa, ba ta san hanyar huhu ba. Ya ce maganinsa guda ne, kada ƙurar ta tashi tun farko. Sannan ya tambaye ni ko ba a jiƙa dutsen a wurinmu. Yaya, na sunkuyar da kai.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Fari ya wuce tuntuni, rijiyoyi sun kawo, amma ban mayar da mesa ba. Mun ga busasshen dutse ya fi sauri, ba ya toshe rariya, ana ta yaba mana. Na farkon na yi don Allah. Na bayan, ban san don wa na yi ba.

Na roƙi likita ya ɗauki hoton ƙirjin Maharazu, tun da shekara biyu ke nan yana shaƙa tare da mu. An ce mu koma. Ka taya ni addu'a, tsoro nake ji ƙwarai.

Naka,
Kalilu

Jibiya, 21 ga Nuwamba, 1977

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau, ina gai da Mariyamu da yara. Takardarka ta zo, na sa ta ƙarƙashin matashi.

Hoton Maharazu ya fito. Akwai ɗigon, amma kaɗan. Likita ya ce in ya bar ƙura yanzu, yana iya ganin jikokinsa.

Na faɗa wa injiniya komai. An mayar da ruwa, an kawo abin rufe hanci da baki, ni nake zama kan kujera ina riƙe da mesa, don iyakar abin da zan iya ke nan. Amma ba na son yaron nan kusa da dutse, jiƙaƙƙe ko busasshe. Na lallashe shi, Inna ta yi masa kuka. Ka san shi da taurin kai. Ya rantse ba zai tafi ya bar ni ba, wai wa zai riƙa ɗauko ni a keke.

Don haka jiya da ya makara kaɗan, na tsayar da inji, na tara leburori, na ci masa mutunci a gabansu. Na kira shi rago, na ce albarkacina yake ci, na kore shi. Mutumin da ya makara don ya tsaya dama mini kunu. Ya ajiye shebur, ya dube ni, ya juya. Na so in kira shi, numfashin bai kai ba, na gode wa Allah da bai kai ba.

Ya gaya wa Inna zai shigo motar Alhamis zuwa wurinka. Ka nema masa aiki, ko na gadin makaranta ne. Zai zage ni, ka bar shi ya zaga. In ya huce zai dawo, don haka kada ka ba shi haƙuri, kada ka nuna masa takardar nan. In ka ji an yi mini salla, sai ka ba shi ya karanta da kansa.

Allah ya sada mu da alheri. Ni ne ƙanenka,
Kalilu