Tayoyi Huɗu da Ke Ƙarƙashin Ɗakina

Zuwa ga Alhaji Sammani mai katako, shugaban asusun bashi na jama'armu a unguwar Tandabawi, da dattawan da ke zama da shi bayan la'asar.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaisuwar girma, Allah ya sa kuna lafiya da iyalanku. Ni ce Hadiza matar marigayi Malam Buba mai ɗiban ruwa, wadda ake kira Iya Mai Mota, can saman dutsen Nakkasa. Ban iya karatu ba balle rubutu. Ina faɗa ne, Malam Isa mai rubuta wa alhazai wasiƙa yana rubutawa. Na ce a karanta ta a ƙofar masallaci kowa ya ji, don na gaji da zuwa shagonka ina tsugunawa a bayan katako ana ce mini Alhaji yana da baƙi. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba. Amma tsoron kwana a titi ya fi mini tsoronka, Alhaji.

Na farko, zancen ɗakin nan. Kowa ya san tsohuwar motar alhazai ce, irin mai jikin katako, da ta yi ta jigila tsakanin Jidda da nan har injinta ya mutu aka cire shi. Da muka iso daga Sudan ba mu da wajen sa haƙarƙari, asusun nan naku ne ya ba Malam Buba bashi ya saye ta, lokacin mahaifinka ke riƙe da shi, Allah ya jiƙansa. Samari suka turo ta har inda take yanzu. Malam ya biya bashin nan da kafaɗarsa, garwa biyu a sanda, hawa da sauka, har fatar wuyansa ta zama kamar ta raƙumi. Bai bar ko ƙirshi ɗaya ba. A lokacin ba wanda ya ce ba gida ba ce. A cikinta ya cika, ta ƙofar baya aka fito da shi, kai kanka ka kama makara. Kuka zauna a inuwarta kuka ci tuwon sadaka. Ran nan gida ce. Yaushe ta koma mota?

Na biyu, bashin da ke kaina. Ban musa ba. Na karɓi riyal ɗari biyu da rufin ya fara zuba, na sa ɗakin jingina, kwanon ma a shagonka aka saya. Ina biya da cinikin dafaffiyar gyaɗa da wankin alhazai, har ya rage sittin. Sai ruwan bara ya gangaro daga dutse ya bi ta ƙarƙashinta, katakon ƙasa ya ruɓe. Yanzu in na taka wajen baya sai ƙafata ta zurma, na shimfiɗa murfin wani akwati a wajen nake bi. Wannan bayan kuwa shi nake ba alhazai mata haya in mausim, lokacin aikin hajji, ya zo, shi ne abincina na shekara. Babu ƙasa, babu haya. Babu haya, da me zan biya? Abin da na roƙa ke nan: a sabunta mini bashin, a ƙara mini na katako, a ɗaga mini zuwa bayan Arfa in biya gaba ɗaya. Ban roƙi sadaka ba.

Na uku, amsar da kuka aiko. Surukinka Garba ya hawo yana haki, ko sallama bai yi mini da kyau ba. Ya zaro wuƙa yana caka wa bangon ɗakina kamar mai duba kankana a kasuwa, ya ce ta tsufa, asusu ba ya zuba kuɗi a tsoho. Sai ya tsuguna ya leƙa ƙasa ya ga tayoyi, ya ce ai ma ba gida ba ce, abin da ke da taya ba ya zama jingina, don mai shi na iya jan abinsa ya gudu. In gudu da ita ina, don Allah? Da wane inji? Akuyar maƙwabciyata ce za ta ja? Motar da tun kafin a haifi Garba ba ta motsa ba, har ƙadangaru sun yi jikoki a ƙarƙashinta. Ya ce in ina son a duba maganata, in cire tayoyin in ɗora ta kan dutse da siminti, ta zama gini.

Kuma duk kun san abin da ya hana, ba wanda bai sani ba a cikinku. Ƙasar ba tawa ba ce, ba ni da takardarta. Kuɗin zama nake biyan wakilin mai ƙasar duk shekara, kuma sharaɗinsa ɗaya ne tun ranar farko: taya ta zauna a jikinta. Muddin da taya, mota ce aka ajiye a filinsu. Ranar da ta sauka kan dutse ta zama gini, gini kuwa ba su yarda ba, don kar gobe in ce ina da haƙƙi a wajen. Shi ya sa shekara da shekaru nake lulluɓe tayoyin nan da buhu saboda rana, ina yayyafa musu ruwan da ni ma saye nake yi, kar su farfashe su zube. Ban yi wa ƙafafuna wannan hidimar ba. Wakili ya ce in na cire in tashi. Ku kun ce in ban cire ba babu bashi. Ni tsohuwa in bi wa?

A nan Malam Isa ya ajiye alƙalami, ya ce idonsa na ciwo. Idonsa lafiya lau, kwanon rufinsa ne bai gama biyan ka ba. Ban ga laifinsa ba. Usmanu tela ne ya karɓa, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kar ya gyara mini baki.

Na huɗu, abin da maganarku ta jawo mini. Da na rasa yadda zan yi, na kira maƙeri na ba shi kuɗin gyaɗar sati guda, ya cire biyun da ke ɓangaren dutse, inda mai wucewa ba ya gani, muka tara duwatsu a wajen. Biyun da ke kallon hanya muka bar wa wakili. Na ce kowa ya samu nasa. Garba ya dawo ya zagaya, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce rabin gida sai rabin bashi, rabin bashi kuwa babu shi a asusu. Bai tsaya nan ba, ya je gidan gahawa ya ba da labari ana shan shayi, har ya kai kunnen wakili. Wakili ya hawo da sandarsa ya ɗaga buhu, ya ce in mayar kafin wata ya mutu ko ya kira baladiyya, hukumar gari. Na je in mayar, maƙeri ya ce ƙarfen da ke riƙe su tsatsa ta cinye, ya karye wajen cirewa, ba ya komawa. Yanzu ɗakina ya karkace. Tulu ba ya tsayuwa sai na tokare shi, in na kwanta sai in farka na gangara jikin bango. Tayoyin biyu suna jingine na ɗaure su da igiya don a ga kamar suna nan. Kafin surukinka ya hawo dutsen nan, ɗakina tsoho ne amma a tsaye yake. Wa ya karya shi, ni ko shawararku?

Na biyar, wannan ita ce ta fi ci mini rai. An faɗa mini, kuma wanda ya faɗa ba ya ƙarya, cewa akwai mai son sayenta ya kai Mina ya yi wajen sayar da shayi, har an yi ciniki a shagonka, ana jiran wa'adina ya cika a karɓe ta a bakin sittin ɗin nan. To, Alhaji, ta tsufa a ba ni bashi a kanta, amma ba ta tsufa a sayar ba? Da na zo roƙo, itace ce ruɓaɓɓiya. Da mai shayi ya zo, ta zama dukiya. Ga gidajen dutse nan na masu takarda, kuna sabunta musu bashi sau nawa suka so, har da rakiya zuwa bakin ƙofa. Asusun nan kuwa da kuɗin wa aka tara shi? Ba da na masu ɗiban ruwa da masu wanki ba, irinmu da ke kwana cikin ɗakunan kwano da akwati?

Ku ji abin da nake tsoro, tunda ba ku tambaya ba. Takardar zamana tun ta Malam ce, ban san ko tana da rai ba. Abin da ya sa ba a taɓa ni, mai unguwa ya san ni, in an tambaya ya ce tsohuwar motar nan ce, ku bar ta. Ranar da babu motar, ni tsohuwar ina ce? 'Yan sanda su tsince ni a gindin bango su sa ni jirgin ruwa, su kai ni ƙasar da na baro ina da goyo, goyon ma na binne shi a hanya. Ba ni da kowa can. Na taka ƙasa da ƙafata shekaru don in mutu kusa da Ɗakin Allah, a sa ni inda aka sa Malam. Saura kaɗan ya rage mini, shi kuke so ku ƙwace saboda taya.

Ga abin da nake nema. A sabunta bashin yadda na roƙa, a ba ni katakon ƙasa daga shagonka a rubuta a kaina zuwa bayan Arfa. Dattijo ɗaya a cikinku, ba Garba ba, ya taka ya je wajen wakili ya faɗa masa da bakinsa ku kuka sa na cire. A kira mai shayi a mayar masa da kuɗinsa. Kuma ku zauna ku yanke magana ɗaya ku faɗa a gaban jama'a: gida ce ko mota? In gida ce, ku ba ni bashi kamar kowane mai gida. In mota ce, mahaifinka bai san abin da yake yi ba ke nan, sai ka tashi ka faɗi haka a masallaci mu ji.

In kuma kun ƙi duka, ba ni da ƙarfin hana ku. Amma ba zan fito ba. Ranar da za ku aiko a ja ta, ina ciki a kan tabarmata, da likkafanina da na wanke da zamzam a ƙarƙashin kaina. Ku ja mu tare ku gangara da mu ta tsakiyar kasuwa. Kujerar direba tana nan, a kanta Malam ke zama ya yi lazimi, kullum ina goge ta. Kar ka aiko yara, Alhaji. Ka zo da kanka ka zauna a kai.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya raya maka zuriya, ya sa kar ka tsufa a ƙarƙashin rufin da wani zai caka wa wuƙa. Allah ya jiƙan mahaifinka, shi ya san gida in ya gan shi.

Ga yatsana na dangwala a ƙasa, don kar a ce Usmanu ne ya ƙirƙira.

Wassalam.

Hadiza, Iya Mai Mota, Nakkasa.